Gangar Masu Jaka

Idan ana lissafin manyan mutanen da Allah ya yi wa garinmu baiwa da su, a nan gaɓar kogin Danube, wajibi ne a fara da Anastas Mutafov. In aka yi kuskure aka fara da wani, shi da kansa zai miƙe ya gyara jerin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bauta wa ƙasar Bulgariya a matsayin sufeton sikeli da mudu, yana zagaya kasuwannin gari da na ƙauye. Babu mahaucin da bai taɓa yin gumi a gabansa ba, babu mai sayar da tumatir da ba ta taɓa yi masa irin addu'ar da ba a yi a coci ba. Ranar da ya yi ritaya 'yan kasuwa suka yanka rago, suka kira makaɗa. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka kewarsa ce ta sa su, ya fito barandar ofis yana ɗaga musu hannu, har da share ƙwalla.

Duk wannan somin taɓi ne. Babbar baiwar Anastas a tsakiyar fuskarsa take. Hanci ne dogo mai jan kai, wanda yakan riga mai shi shiga ɗaki. Da shi yake auna giyar inabi, kuma duk ranar Alhamis yana da fili a jaridar garinmu, Muryar Kogi, inda yake sa hannu da suna "Hancin Danube". Mutanen gari, da yake ba su da ilimi, Shinshinau suke ce masa, amma sai ya ba da baya.

Mu in an zuba mana giya sha muke yi. Anastas ya fi ƙarfin wannan. Sai ya ɗaga kofi ya kalli haske ta cikinsa, ya juya shi, ya sake juyawa, ya tsoma hanci har ka ji tsoron kada ya nutse, sannan ya kurɓa, ya kuskure baki da ƙara kamar mai ciwon haƙori, ya tofar. A wajen biki da an ga ya ɗaga kofi sai kowa ya janye takalminsa. Cewa yake yi haɗiya aikin masu ƙishirwa ce, masani ba ya haɗiya.

Sai kuma jakarsa. Baƙar jakar fata ce mai makullin tagulla da tambarin gwamnati, wadda ya kamata ya mayar ranar da ya ajiye aiki. Ya manta, kuma shekara biyar ke nan kullum yana mantawa. Ba abin da ke cikinta sai kofin gilashi naɗe da tawul, da littafin rubutu, da burodi da cukun da matarsa take cusa masa. Amma ko bayan gida zai zaga a gidan mutane, da ita yake zuwa.

Mutum mai irin wannan girma sai a ce ba abin da ya rasa. To, ya rasa abu ɗaya, kuma abin yana cinsa kamar gara. A Sofiya, babban birnin ƙasar, akwai Majalisar Masu Ɗanɗano, mai kujera ashirin da huɗu, wadda ba a shigarta da sanayya. Sharaɗinta ɗaya ne: ka gano wata giya da duniya ba ta san da ita ba, su zo su ɗanɗana, in ta yi musu su rubuta ta a littafinsu da sunanka a manne. Sau biyu Anastas yana nema. Ta farko da ya gano, aka rubuto masa cikin ladabi cewa ana sayar da ita a kantin tashar jirgin ƙasa. Ta biyu ko amsa bai samu ba. Ga shi shekara sittin da shida, gwiwa ta fara ƙara, ba ɗa ba jika. Burinsa bai wuce ya ji an kira wata giya da sunan Mutafov ba, kafin shi a kira shi.

Yadda ya rubuta a jarida daga baya, wata uku ya yi yana bin tsofaffin taswirori da labaran makiyaya, hancinsa yana yi masa jagora, har ya isa Sivi Dol. Yadda abin ya faru kuwa, daga sadakar arba'in ɗin wani ɗan kawunsa yake dawowa a watan Nuwamba, ya ce zai yanke hanya, ya ɓace, tsohuwar motarsa ta yi zafi ta fara tururi a ƙofar gidan farko da ya tarar. Sivi Dol gida arba'in ne a bayan tudu, awaki sun fi samari yawa, motar haya sau biyu take leƙowa a mako. Anastas ya shiga gidan roƙon ruwan lagireto.

A tsakar gidan ya tarar da Baba Stamena, tsohuwa 'yar shekara saba'in da takwas, gajera, da baƙin ɗankwalin da ba ta cire ba tun rasuwar mijinta Tseko. Tana wanke mazurari a bakin ɗakin ƙasa inda ake ajiye giya. Ƙamshi ya taso daga ciki, hanci ya ɗaga, Anastas ya manta da mota. Bai yi sallama ba, bai cire hula ba, bai tambayi lafiyar gida ba. Ya gyara riƙon jaka yadda tambarin zai fito sosai, ya ce, "Ke tsohuwa, ganga nawa gare ku a ciki?"

Baba Stamena ta dubi jakar, ta dubi takalminsa mai sheƙi, ta sake duban jakar.

"Sannu da zuwa, yallaɓai," ta ce. "Ai ba mu da komai, sai ɗan abin jiƙa maƙoshi. Zauna in ɗebo maka."

Duk wanda aka haifa a bayan tudun nan ya san gidan kirki ganga uku yake ajiyewa. Ta farko ita ce giya, ruwan inabi tsantsa, ta ranar biki da baftisma da binne mai gida, da baƙon da ya shigo da gaisuwa. Ta biyu ta yau da kullum ce. Ta uku kuwa, bayan an matse inabi an gama, sai a kwara ruwan rijiya a kan tuƙar, a watsa ɗan sukari, a bar ta kwana bakwai ta yi ɗan ja-ja. Tun zamanin da jami'ai suke zuwa da babbar mota su ɗanɗana, in ta yi musu daɗi su ɗauke gangar da sunan hukuma, aka ware wannan dominsu. Gangar masu jaka ake ce mata. Ita mai karanta mitar lantarki yake sha, da mai yi wa awaki allura, da ɗan takara. Ba a kuma taɓa faɗa wa mai jaka ba. Don haka Anastas, ɗan birni jikan ɗan birni, ko a mafarki bai taɓa jin labarinta ba.

Ta kawo masa a ƙaramin tulu. Ya ƙi kofinta, ya warware tawul ya fiddo nasa. Ya kalla, ya juya, ya tsoma, ya kurɓa, ya tofar a kan daɓen da ta share da safe. Sai ya rungume tulun. In za a yi masa adalci, inabin da Tseko ya dasa ko tuƙarsa ta fi inabin wasu, kuma Baba Stamena ba ta rowar sukari. A cikin gangunan masu jaka na lardin nan kaf, tata ce sarauniya.

"Tsohuwa," ya ce, "kin san abin da kike zaune a kai? Ba ki sani ba. Ina za ki sani! Dubi launi, ba ya ihu, ba ya fahariya, kamar kuncin amarya. Ina jin ganyen kaka a ciki. Ina jin dutse mai sanyi. Ina jin zurfi, zurfin ƙasa! Wannan giya ce mai kunya, mai tarbiyya, wadda ba ta buɗe baki sai ga wanda ya isa. Shekara ɗari tana jiran hanci, yau hanci ya zo."

"Allah ya amfana, yallaɓai," in ji Baba Stamena, idonta yana kan daɓen.

"Za ki iya rabuwa da kwalba ɗaya? Na san abu ne mai wuya."

"Ɗauki jarka biyu. In ka ga dama ma ka turo mota a kwashe."

Nan take ya rubuta a littafinsa cewa talakan ƙauye zuciyarsa fara ce, yana zaune a kan zinariya yana kyauta da ita kamar ƙasa. Ya fita da jarka biyu, ya manta bai roƙi ruwan da ya kawo shi ba. Da motar ta sake tafasa a kan tudu, yana hawaye ya ɗura mata rabin jarka ɗaya, ita kuma ba ta ga wani bambanci ba, ta kawo shi gida lafiya.

Matarsa Nedyalka 'yar ƙauye ce, laifin da Anastas ya daɗe da yafe mata. Ya ɗiga mata kaɗan a gindin kofi, ya tsaya a kanta yana jira ta suma. Ta kurɓa, ta haɗiye, ta dube shi.

"Anastas, da jakar nan ka shiga gidan?"

"Da me zan shiga, da kwando?"

"Ka gaishe su kuwa?"

"Aikin ilimi na je, ban je zumunci ba."

"To ka ji shawarata, ka ba furannin taga su sha, ka rufa wa kanka asiri. Wannan ai..."

"Nedyalka," ya ɗaga mata hannu, "shekara arba'in kina cin tafarnuwa da barkono, harshenki ya mutu tuntuni. Kada ki sa baki a abin da ya fi ƙarfin tukunya."

Nedyalka ta koma kan tukunyarta. Mace ce mai haƙuri, amma ba waliyyiya ba ce. Alfarma ɗaya kawai ta roƙa, cewa ranar da manyan Sofiya za su zo a tafi da ita.

Alhamis ta zagayo, Muryar Kogi ta fito da shafi guda cur mai taken "Na Gano Ta". Hoton Anastas ya fi na ƙauyen girma. Kalmar "ni" ta fito sau arba'in da uku, Baba Stamena sau ɗaya, a matsayin wata tsohuwa. Ya yanke shafin ya aika Sofiya, kuma a wannan karo amsa ta zo. Shugabar Majalisar, Uwargida Bistra, za ta zo da kanta ta ɗanɗana ranar Waliyyi Trifon, a tsakiyar Fabrairu, ranar da ake fara yi wa kuringar inabi aski. Anastas ya karanta wa wanzaminsa wasiƙar, ya karanta wa mai gidan waya da ya kawo ta, ya karanta wa likitan da ya je wurinsa saboda gwiwa, har aka manta da gwiwar.

Jaridar ta isa Sivi Dol an naɗo ƙusoshi a cikinta. Wani dattijo mai suna Bai Vurban, maƙwabcin Baba Stamena, wanda ya shekara hamsin yana gasar giya da Tseko bai taɓa ci ba, shi ya warware ta, ya karanta a ƙofar kanti sau uku da babbar murya.

"Stamena!" ya ƙwala mata kira ta kan shinge. "Ashe giyar Tseko kunya gare ta? An ce kamar raɓa take, ko jariri zai iya sha. Mu da muka yi ta tsoronta a banza!"

'Yan Sivi Dol dariya kawai suka yi, don sun san gangar da aka buɗe. Amma ƙauyukan maƙwabta ba su sani ba. Ranar kasuwa sai mata su tare ta da fuskar tausayi, suna tambaya wai da gaske ne tun da Tseko ya rasu giyar gidan ta tsinke? Wannan ya ƙona mata rai ƙwarai. Giyar Tseko ce fa, wadda in ta ɗiga a mayafin tebur sai dai a gaji mayafin da tabonsa, wadda kofi uku nata suka taɓa sa limamin coci ya ɗauko waƙar aure a wajen jana'iza. Ita ce ta ci gaba da yinta da hannunta shekara shida, ba ta rage komai ba. Ta haɗiye maganar, ta jira Fabrairu.

Ranar ta zo da rana mai haske a kan dusar ƙanƙara. Maza suka hau tudu da almakashi, kowa ya yanke reshe uku, ya zuba wa saiwa giya, limami ya yayyafa ruwa, aka gangaro tsakar gidan Baba Stamena inda aka jera tebura da gasassun kaji da cuku da burodi mai zafi. Anastas ya tsaya a bakin hanya da babbar riga mai wuyan gashi, da farin mayafin wuya na siliki, da jaka ta sha mai, da jawabi shafi tara, yana jiran baƙar mota. Baƙar mota ba ta zo ba. Motar haya ce ta tsaya, wata 'yar tsohuwa ta sauko da takalmin roba da kwalin alewa a hannu, da dattawa biyu a bayanta. Uwargida Bistra ke nan. Anastas ya ji wani iri, don ya so a ce ta fi haka tsawo, amma ya buɗe shafi na ɗaya.

"Ajiye takardar tukuna, Sufeto, sanyi ake yi," ta ce. "Ina mai gidan?"

Ta wuce shi, ta kama hannun Baba Stamena da hannu biyu.

"Baba, mun same ku lafiya? Ya sanyi, ya ƙafa? An ce ƙanƙara ta yi muku ɓarna a watan Yuni, Allah ya mayar da alheri. Ga 'yar alewa, ba yawa. Kuringar da na gani a kan tudu ta hannun dama, wa ya dasa ta?"

"Mai gidana ne, Tseko. Shekara shida ke nan da rasuwa."

"Allah ya ji ƙansa. Hannunsa yana nan a jikin itacen."

Baba Stamena ta juya. Ta ɗauki babban tulu ta shiga ɗakin ƙasa, ta wuce ganga ta uku, ta wuce ta biyu, ta durƙusa a gaban ta farko.

A waje kuwa Anastas ya samu kututture ya hau, don tarihi ba ya jira.

"Ya ku mutanen Sivi Dol! Kafin in zo, mene ne ku? Gida arba'in da awaki. Taswira ma kunyarku take ji. Kuna da lu'ulu'u a cikin ɗaki kuna taka shi da ƙafa, sai da Allah ya dube ku ya aiko muku da hanci. Ba na neman godiya. Ba na neman a kafa mini mutum-mutumi a dandali, ko da yake na ga akwai fili kusa da famfo. Abu ɗaya nake nema, kuma haƙƙina ne. Giyar da na gano a gidan nan, daga yau a kira ta Mutafov, ku da 'ya'yanku da jikokinku!"

"Mun ji, mun yarda!" in ji Bai Vurban, yana tafi kamar hannun zai cire. "Jama'a ku shaida, da bakinsa ya roƙa!"

Ƙauye duka ya amsa da tafi. Anastas bai taɓa ganin ƙauna irin wannan ba, har ya dafa ƙirji.

Aka zuba. Giya ta fito daga tulu ja har tana neman baƙi. Uwargida Bistra ta ɗiga wa ƙasa ɗigon farko saboda Tseko, ta kurɓa, ta haɗiye, ta lumshe ido. Ta daɗe a haka. Dattawan nan biyu su ma suka yi tsit, ɗaya ya cire hularsa a hankali. Anastas, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana karanta fuskokin mutane, ya karanta wannan shirun nan take: an samu matsala. Ya dubi kofinsa, ya ga launin ba shi ba ne. Ya kurɓa, abu ya kama masa harshe, ya cika masa baki har kunne. Ya tofar da sauri, rabi a ƙasa, rabi a kan farin silikinsa.

"Maguɗi!" ya daka tsawa. "An sauya! Ranki ya daɗe, kada ki ƙara kurɓa, wannan ba ita ba ce. Wannan giyar 'yan dako ce, mai kauri kamar jinin sa, kamar an tauna ɓawon itace. Ba ladabi, ba ilimi. Ko jaki ba zan ba wa wannan ba. Ke tsohuwa, ina wadda kika ba ni?"

Nedyalka ta samu benci a sahun gaba ta zauna, ta kwance ƙullin gasassun 'ya'yan kabewa.

Baba Stamena ta so ta rufa masa asiri, don baƙo baƙo ne ko da ya tofa maka a daɓe. "Yallaɓai, sha wannan ɗin dai," ta ce a hankali. "Yau ranar biki ce, a bar waccan."

"Na ce ki kawo ta! Ko ɓoye ta kika yi za ki ba wasu? Wannan ruwan kwatar ki ajiye wa wanda ya yi ta, ni ki kawo mini giyata."

Wanda ya yi ta yana kwance a bayan coci shekara shida. Baba Stamena ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ɗauki ƙaramin tulu, ta shiga ta fito. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Anastas ya fizge tulun, ya zuba wa Uwargida Bistra da hannunsa. "Ga ta. Dubi launi. Ki saurara da kyau, za ki ji zurfi."

Uwargida Bistra ta kai kofin hanci. Ko kurɓa ba ta yi ba. Sai aka ga kafaɗunta suna motsi, tana cije leɓe. Ta juya wajen Baba Stamena.

"Baba, bokiti nawa kike zubawa?"

"Huɗu a kan kowane kwando, 'yata. Bara dai biyar na sa, saboda zaɓe, 'yan takara sun yi yawa."

"Mahaifina uku yake sawa. Shi ya sa jami'ai suka riƙa dawo mana."

"Bokitin me?" in ji Anastas.

"Na rijiya, ɗana," in ji Baba Stamena. "Ka shigo mini gida ba sallama, hula a ka, jaka a hannu, kana tambayar ganga nawa. Me kake so in ba ka? Da ka ce ina kwana Baba, motata ce ta mutu, da tun ranar ka sha wadda ka tofar yanzu. Tuƙa ce da ruwa da sukari. Ta masu jaka ce."

"Ku yi masa uzuri, jama'a!" Bai Vurban ya miƙe yana share hawayen dariya. "Shekara talatin da ɗaya yana yawo da jakar nan ƙauye-ƙauye, kowane gida ita ake ba shi. Ina zai san wata? Ai da ita aka yaye shi!"

Dariya ta fashe har karnuka suka kama haushi. Limami ya cusa baki a gemu yana tari. Anastas yana tsaye da tulu a hannu, sai ƙauyukan da ya taɓa zuwa suka riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya, da dattawan da suke rusuna masa, da matan da suke cewa ƙara yallaɓai, akwai da yawa, ɗauki ka kai gida. Shekara da shekaru yana ba da labarin yadda ƙauyawa suke ƙaunarsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, kuma da ya yi shiru a lokacin, da har a tausaya masa.

Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya sake hawa kututture ya sanar da cewa gwaji ne ya shirya da gangan, don ya ga ko Majalisar ta cancanci ya shige ta, kuma yana farin cikin shaida musu sun ci. Ba wanda ya ji, domin kowa ya bi layi da kofinsa wajen babban tulu. Uwargida Bistra ta zauna kusa da Baba Stamena, ta buɗe littafin Majalisa a kan gwiwa, ta rubuta: Jar Tseko, daga hannun Stamena, Sivi Dol. Ɗaya daga cikin dattawan ya leƙo ya tambaya wa za a rubuta ya gano ta. Anastas ya miƙa wuya daga kan kututture.

"Bar wurin haka," ta ce. "Mutanen nan tun kakanninsu suke shanta. Ba ta ɓata ba balle a gano ta."

Da yamma Anastas da matarsa suka kama hanyar gida a motarsa. Nedyalka ce dai take riƙe da wata kwalba a cinya kamar jaririya, wadda Baba Stamena ta ba ta daga ganga ta farko, saboda ta gaishe ta kuma ta taya ta wanke kofuna.

Mutanen Sivi Dol ba su da komai, amma ba sa saɓa alkawari. Sun ce sun ji sun yarda, a gaban limami kuwa. Kafin dusar ƙanƙara ta narke, da mai karanta mita ya shigo gida sai ka ji uwar gida ta ɗaga murya, "A ɗebo masa Mutafov!" Daga nan sunan ya tsallaka tudu, ya bi ƙauyuka har bakin kogi, ya shigo garinmu ranar kasuwa. Madarar da aka tsinka da ruwa ta zama Mutafov. Miyar asibiti Mutafov. Akwai manyan Majalisa da suka mutu ba wanda ya san giyarsu sai littafi, amma Anastas yana raye yara suka haddace tasa. Filin Alhamis ya yi mako uku ba ya fitowa, sannan ya dawo, yanzu a kan zuma yake rubutu.

Ran nan da hantsi sabon sufeton da ya gaji kujerarsa ya zo gaishe shi. Mutumin kirki ne, ya cire hula tun daga ƙofa, ya rusuna wa uwar gida, sai dai yana rungume da jakar aiki. Anastas ya zaunar da shi, ya gyara murya, ya fara yi masa bayanin yadda ake gane maguɗi da kallo ɗaya. Nedyalka ta leƙo daga madafa tana goge hannu, ta dubi hular, ta dubi jakar, ta rasa hukuncin da za ta yanke.

"Anastas," ta ce, "baƙon naka, giya zan kawo masa ko Mutafov?"